Asabar Ɗin da Anti Ta Rufe Shagon Kitso

Anti ba ta rufe shagon kitsonta ranar Asabar. Duk Bahaushen da ya zauna a Greensboro a shekarun nan ya san haka. In Sallah ta faɗo Asabar, daga filin Idi shago take wucewa da sabon leshinta, ta ɗaura tsohon zani a kai, ta kama kan wata Ba'amurkiya. 'Yar Maradi ce, Hausarta da gamin Faransanci, ta kusa haihuwata, kuma ita ce uwarmu duka, mu matan ɗalibai da aka kwaso daga gida aka zube a gidajen haya na bayan titin Wendover. Ruwa ba ya tsami banza. Da na buɗe ƙofa wata Asabar da hantsi na gan ta tsaye, jaka a hammata, makullin mota a hannu, tana cewa in shirya 'yata za mu gidan kimiyya, sai na san akwai magana.

Dama tun safe abubuwa ba su zauna daidai ba. Bayan sallar asuba waya ta yi ƙara, maigidana ya ɗauka a falo, ya yi magana ƙasa-ƙasa, sannan ya shige banɗaki ya saki famfo ya daɗe. Da ya fito ya ce wani ne ya yi kuskuren lamba. Sai kuma ya haɗa mini shayi, mutumin da tun da aka ɗaura mana aure bai san inda nake ajiye sukari ba. Da na zo shara na ga an zare igiyar wayar daga bango an tura ta bayan kujera. Na share wurin, na bar ta yadda na gan ta.

A wurinmu ba a jefa wa mutum labarin mutuwa kamar dutse, balle mace mai cikin wata bakwai da ke nesa da gida, kuma haka nake a lokacin. Sai an tara manya, an dafa abinci, an sami wanda ya iya baki ya faɗa a hankali. Mai iya bakinmu Malam ne, dattijon da ke jan mu salla, shi kuwa yana aiki a wani ɗakin ajiyar kaya, ba ya tashi sai la'asar. Kafin nan dole a nisanta mutum da waya, don kada wani ɗan'uwa mai gaggawa ya bugo ya fasa ƙwan. Na san tsarin ciki da waje. Shekarar da ta gabace ta ni aka tura in zaunar da wata amarya, na sa ta koya mini dambun nama yini guda muna ta dariya, alhali wanta yana kabari.

Ban sha wahalar gane ko wane ne ba. Baba ya shekara biyu a kwance a Funtuwa, ɓarin jikinsa ya shanye. Inna ke juya shi, ta yi masa wanka, ta ba shi abinci a baki tana yi masa faɗa kamar yadda ta saba tun yana da lafiya. A kaset ɗin ƙarshe da suka aiko mana, muryarta ta cinye gaba da baya, shi kuwa 'yan kalmomi kawai ya iya fitarwa, harshen ya yi nauyi. Na ce a raina Baba ne. Kuma na lura da wani abu: muddin ban tambaya ba, ba wanda zai ce mini ya rasu. Saboda haka ban tambaya ba. Na sa wa 'yata riga da takalmi, na ɗauki mayafi.

"Ku je ku sha iska," in ji maigidana, yana kallon wani littafi da bai buɗe ba. "Ni ina da karatu."

A mota Anti ba ta bar iska ta ratsa tsakaninmu ba. Ta ba ni labarin tsadar gashin ƙari, da wata mai zuwa kitso da ke yin barci a kan cinyarta, da ɗan'uwanta da ya ƙi aure. Ina cewa "uhm" a inda ya kamata. Ina kallon manyan kantuna suna wucewa, da motoci jere a gabansu suna ƙyalli a rana, duk kamar hoton kalanda.

Gidan kimiyyar yana can arewacin gari, cikin itatuwa. Muna shiga sanyin na'ura ya buge mu, da ihun yara ta ko'ina. Matar da ke karɓar tikiti ta sunkuya ta gaya wa 'yata cewa a nan komai ana taɓawa. Yarinyar tana da shekara shida, kuma tun da ta fara tafiya ba abin da take ji daga bakina a kanti da gidan mutane sai "kar ki taɓa". Ta ɗago ta dube ni.

"Mommy, for real? In taɓa?"

"Taɓa, ɗiyata," in ji Anti. "Yau ranar taɓawa ce. Wala, je ki."

Abu na farko wata ƙwallon gilashi ce, da zaren haske ruwan hoda yana rawa a cikinta. In ka ɗora hannu sai hasken ya taru ya biyo yatsunka. Na ɗora tafina, hasken ya zo, na ja yatsa ya bi ni. Ban ji zafi ba, ban ji sanyi ba, ban ji komai ba. Baba ne kawai ya faɗo mini. Gyaran rediyo yake yi a bakin kasuwa, kuma da a ce an kawo shi wannan gida, sai an yi da gaske kafin a fitar da shi. Ina ƙarama yakan zaunar da ni a kan bencin shagonsa, ya ɗora mini ƙaramin batir a harshe ya ce, "Ji nan, wannan ita ce wutar da ke sa rediyo magana." In Inna ta ji labari sai ta ce wata rana zai kashe mata 'ya da shegen gwaje-gwajensa.

Haka na yi ta bin ɗakunan. Duk abin da na taɓa sai in ce da Baba zai so wannan, kuma na lura ina cewa "da", kamar yadda ake yi wa wanda ya wuce. Akwai madubin da ke maida mutum gajere, na tsaya na ga wata mata mai ciki kamar tulu sanye da mayafina, na wuce. Akwai maganaɗisu da baƙin yashi, akwai keken da in ka tuƙa fitila ke kamawa.

Akwai kuma wata ƙatuwar ƙwallon ƙarfe da in yaro ya dafa gashinsa ke miƙewa tsaye. Wata 'yar Baturiya ta hau, gashinta ya tashi kamar tsintsiya, aka yi ta tafi. 'Yata ta hau, aka kunna, aka ƙara, ko gezau. Shuku ne a kanta, Anti ta yi mata shi a satin.

"Kin gani ko?" in ji Anti da ƙarfi, har mutane suka waiwayo. "Kitsona ko lantarkin Amirka bai iya tada shi."

Na yi dariya. Na ji dariyar tana fita kamar daga ɗakin maƙwabta take zuwa. Anti ta dube ni da sauri, ta ga ina dariya, sai ita tata ta tsaya.

A wani ɗaki wata ma'aikaciya tana riƙe da maciji, yara sun yi layi suna shafa bayansa da yatsa biyu. Ni da ko igiya na gani a ƙasa sai na yi tsalle, sai ga ni a layin. Na shafa shi. A bushe yake, da ɗan sanyi, kamar jakar fata.

"Subhanallahi! Da cikin naki?" Anti ta fizge hannuna tana tofa mini addu'a. "Mi ya same ki yau?"

Ta faɗa ne kafin ta tuna. Muka tsaya muna kallon juna, tambayar tana tsakaninmu, ba mai son ɗauka. Na ce mata ba komai, mu je gaba.

Gaban kuwa ganga ce. An kafa ta a cikin akwatin gilashi da ɗan makaɗi, a gabanta sanduna biyu na ƙarfe. In ka kama sandunan, gangar sai ta riƙa buga bugun zuciyarka kowa yana ji. 'Yata ta kama, ta yi tsalle-tsalle ta sake kamawa don ta ji ya ƙaru. Sannan ta ja Anti. Anti ta ƙi, yarinya ta nace, ta kama. Gangar ta ɓarke da gudu kamar kiɗan 'yan dambe.

"Anti, your heart is running!"

Anti ta saki sandunan kamar sun ƙone ta. Ta ce hawan jini ne, ta manta ba ta sha maganinta ba. Ni na kama bayanta. Tawa a hankali take bugawa, ɗaya, sai a jira, sannan ɗaya, kamar dakan matar da ta gaji. Na daɗe a riƙe ina saurare. Na ji haushin zuciyar nan ƙwarai. Ubana ya mutu, ita kuwa tana tafiyarta kamar ba abin da ya dame ta.

Azahar muka fita muka yi a kan ciyawa bayan motar Anti, ta shimfiɗa mana zani. A sujadar ƙarshe na yi abin da na yi ta kewayewa tun safe, na ce Allah ya jiƙan Baba, ya sa ciwon nan ya zama kaffara. Da na sallame sai na ji wani sauƙi, ba zan ɓoye ba. Na ce ya huta, Inna ma ta huta, bayanta zai daina ciwo. Har na fara lissafin yadda in ta fita takaba za mu nema mata takardu ta zo. Ba za ta riski wankan jego ba, amma za ta riski goyo. Na hango ta a falona tana kushe tukwanena, tana cewa wannan ƙasa ko barkononsu ba ya da yaji. Na shirya maganar da zan faɗa mata a waya in an kai ta gidan maƙwabcinmu mai tarho: Inna, ki yi haƙuri, kin yi masa iyakar yi.

Anti ta buɗe kula, ta zuba mana shinkafa. Na ci. Na cinye har na ƙara, tana kallona.

Muka koma ciki aka shigar da mu ɗakin taurari. Kujerun a kishingiɗe suke, aka kashe fitila, rufin ya cika da taurari, wani mutum yana bayani da murya mai sa barci. Ya nuna wani ɗan gungu ya faɗi sunansa da Turanci. Na raɗa wa 'yata cewa mu kaza da 'ya'yanta muke ce musu. A gefena na ji Anti tana jan hanci. Ta ɗauka duhu ya rufe ta, tana kuka a hankali cikin gefen mayafinta. Sai abin ya ɗan tsaya mini. Anti ba ta san Baba ba, ko muryarsa ba ta taɓa ji sosai ba. Wadda Anti ta sani ita ce Inna, don duk kaset ɗin da ya zo tare muke saurare, kuma duk mai zuwa daga gida sai Inna ta ba shi ƙullin daddawa da kuka ta ce na "uwar ɗakin 'yata" ne. Tunanin ya zo bakin ƙofa, na rufe. Na ce Anti dama mai arhar hawaye ce.

Da aka kunna fitila ta duba agogonta ta ce, "Bon, mu kama hanya, yarinya ta gaji."

Yarinya ba ta gaji ba, ni ma ban shirya ba. Na ce saura ɗaki ɗaya. Muka shiga ɗakin, na ce saura wani. Na tsaya gaban wani dunƙulen ƙarfe da aka rataye da doguwar igiya daga rufi yana lilo, an jera 'yan sanduna a ƙasa kewaye da shi, can ba da jimawa ba sai ya kaɓar da ɗaya. Na tsaya har ya kaɓar da biyu. Anti tana bayana tana sauya jaka daga wannan kafaɗa zuwa waccan. Na san a gida yanzu an fara jera takalma a bakin ƙofa, kuma ba na son ganinsu.

A babban zauren da ke kusa da ƙofar fita akwai wasu abubuwa biyu kamar manyan daro da aka kafa a tsaye, ɗaya a wannan bango, ɗaya can a wancan, suna fuskantar juna. Kowanne da 'yar matakala a gabansa. In ka hau ka juya wa zauren baya ka yi raɗa a cikin daron, wanda ke ɗaya ƙarshen zai ji ka kamar a kunnensa kake, duk da hayaniyar da ke tsakani. 'Yata ta tura Anti can, ita ta hau nan, suka yi ta raɗa tana ƙyalƙyala dariya. Sannan ta sauko ta ja hannuna.

"Mommy, ke ma. Say something."

Na hau. Ba kowa a gabana sai farin ƙarfe. Ihun yara ya koma baya, sai na ji numfashin Anti a kunnena. Yini guda na kasa tambayarta saboda fuskarta, ga shi yanzu ba fuska.

"Anti."

"Na'am, ɗiyata."

"Baba ne ko?"

Na ƙara matsawa kusa da ƙarfen.

"Anti, tun safe na sani. Na riga na yi masa addu'a. Don girman Allah ki ce mini eh kawai, mu tafi gida."

Anti tana iya zagaye-zagaye yini guda, amma ba ta ƙarya in an haɗa ta da Allah.

"Ba shi ba ne, ɗiyata."

Ina da yayye maza biyu da ƙanwa, amma ko ɗaya bai zo mini a rai ba.

"Inna?"

Salati kawai na ji, da kuka, dab da kunnena, ita kuwa tana can ƙarshen zaure ta juya mini baya. Na ci gaba da kallon farin ƙarfen. Akwai wani ɗan wuri da fentin ya ɓare, na sa farce ina ƙara ɓare shi. Ɗan cikina ya motsa. Wata mata a bayana ta ce in yi haƙuri, in na gama ɗanta yana jira. Na ce mata na gama, na sauko, har na yi mata murmushi.

A mota 'yata ta yi barci. Anti tana tuƙi tana share ido da bayan hannu.

"Ki rufa mini asiri," ta ce. "Kar ki nuna kin ji daga bakina. Malam zai ce na ɓata aiki, ga ki da ciki."

Na ce ba zan nuna ba. Ina ta neman Inna a cikin kaina, in ga fuskarta ko in ji faɗanta, amma ba abin da ke zuwa sai batir a harshe da bencin shago. Duk makokin da na tanada na Baba ne, na kashe shi tun azahar, na yi masa addu'a, na ji sauƙi. Ita ko minti ɗaya ban ba ta ba, sai aikin goyo da na tanadar mata.

Takalman suna nan a bakin ƙofa, har sun gangaro kan matakala. Gidan yana ƙamshin miyar da ba ni na dafa ba. Mata suka karɓi yarinyar, suka zaunar da ni a tsakiyarsu, ɗaya ta dafa wannan kafaɗa, ɗaya ta dafa waccan. Malam yana kan kujera da kayan aikinsa, ko gida bai biya ba. Ya yi gyaran murya ya tambayi jikina, ya tambayi yawon da muka yi. Ya ce duniya ba wurin zama ba ce. Ya ce an bugo daga gida, mahaifiyata ba ta jin daɗi. Ya dakata. Ya ce jikin ya yi tsanani. Ya sake dakatawa. Na bar shi ya taka kowace matakala, ban tare shi ba, Anti tana bakin ƙofar kicin ta sunkuyar da kai.

Inna ta je suna ne gidan ƙanenta a Malumfashi. Ta yi alwala za ta tashi ta faɗi. A can aka yi mata sutura tun jiya.

Hannuwan da ke kafaɗuna suka ƙara ƙarfi, ana jiran in zube. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na ce a ba ni ruwa. Aka ba ni na sha. Sannan na juya wajen maigidana.

"Baba fa? Yaya ya ɗauki abin?"

Ya dubi Malam, Malam ya dubi ƙasa.

"Ba a gaya masa ba tukuna," in ji maigidana. "Ana jiran wansa ya iso daga Kaduna gobe. An ce masa ta tsaya taya su aikin suna, sai ta kwana biyu."

"Ya yarda?"

"Yayanki ya ce bai ce komai ba. Ya juya fuska bango. Tun jiya bai tambayi inda take ba."

Mutumin da in Inna ta fita tsakar gida ɗebo ruwa sai ya yi ta buga kofi a jikin gado har ta dawo. Shekara biyu ba ta kwana wani wuri ba, kuma yanzu wani hannu ne ke juya shi. Na san abin da yake yi a wannan ɗaki, don daga wurin yin irinsa na dawo.

Wani daga cikin mazan ya ce gara a buga a gaya masa yau, jira ba shi da amfani.

"A'a," na ce. "Ku bar shi zuwa goben."